Ba gobarar 1922 ce kaɗai ta ɓatar da kakannin mutanen Ayilan ba

Duk wanda ya tashi neman salsalarsa a ƙasar Ayilan, maganar da za a fara tarbarsa da ita ita ce kada ya wahalar da kansa, wai komai ya ƙone a 1922. Ana faɗin haka a Boston, ana faɗi a Liverpool da Sydney, har maganar ta zama kamar hadda. Masu jin ta kuwa ba kaɗan ba ne. A Amurka kaɗai mutum sama da miliyan 30 ne ke cewa suna da jinin Ayilan, alhali tsibirin ɗungurungum, kudu da arewa, mazaunansa a yau miliyan 7 ne da 'yan kai. Wato masu neman gida sun ninka masu gida sau huɗu, kafin ma a lissafa na Ingila da Kanada da Ostireliya da Ajantina. Maganar gobarar rabinta gaskiya ne. Sauran rabin shi ke sa mutane suna naɗe tabarma tun ba su zauna ba, kuma shi ke rufe ainihin abin da ke hana ruwa gudu a wannan bincike.

Gobarar dai an yi ta. A watan Afrilun 1922 ɓangaren mayaƙan IRA, rundunar neman 'yancin Ayilan, da suka ƙi yarda da yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya suka mamaye ginin manyan kotunan Dublin da ake kira Four Courts. A cikin harabar nan ma'adanar takardun gwamnati take, kuma a ɓangarenta suka jibge albarusai. Ranar 28 ga Yuni sojojin sabuwar gwamnati suka fara yi musu ruwan igwa, yaƙin basasa ya ɓarke ke nan. Ranar 30 ga wata wurin ya yi bindiga, wuta ta lashe taskar, guntayen takardu suka riƙa saukowa a unguwannin birnin. Har gobe ana gardama kan ko da gangan aka tayar da nakiya ko kuwa wuta ce ta ci ta kai ga albarusan. Asarar kam babu mai musu a kanta: takardun mulki na shekara ɗari bakwai, mafi yawan wasiyyoyin da aka ajiye, rajistar cocin Angilika ta yankuna kusan dubu, da takardun ƙidayar jama'a na 1821 da 1831 da 1841 da 1851, in ban da 'yan gutsattsarin da suka tsira.

Amma a nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Ƙidaya takwas aka yi daga 1821 zuwa 1891, huɗu ne kawai wuta ta ci. Sauran huɗun gwamnati ce ta hallaka su da hannunta, cikin kwanciyar hankali, babu ko harsashi ɗaya. Na 1861 da 1871 an lalata su bayan an kwashe alkaluman da ake buƙata. Na 1881 da 1891 an niƙe su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka mayar da su sabuwar takarda. A ganina wannan asara ta fi ta gobarar yi wa mai neman kaka illa, domin waɗannan shekaru su ne lokacin da miliyoyi suka bar ƙasar, kuma mutanen cikinsu su ne iyayen kakannin waɗanda ke bincike a yau.

Abin da ya tsira ma yana da nasa dalilin, wanda ke da ban dariya ta wani gefen. Har zuwa 1871 cocin Angilika ce cocin gwamnati a Ayilan, duk da cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'a Katolika ne. Saboda matsayin nan doka ta ɗauki tsofaffin rajistarta a kan dukiyar hukuma, aka ce a kai su Dublin don a tsare su da kyau, sai wanda ya nuna yana da amintaccen wurin ajiya aka bar masa nasa. Waɗanda aka kai, su suka ƙone. Rajistar Katolika kuwa hukuma ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, aka bar ta a gidajen fada-fada, ta kuwa tsira. Rainin da aka yi mata shi ya cece ta. Takardun haihuwa da aure da mutuwa na gwamnati suna wani ofishi dabam, ba abin da ya taɓa su. Haka takardun ƙidayar 1901 da 1911, da littattafan kimanta filaye, da ofishin rajistar cinikin ƙasa da aka kafa tun 1708.

To in duk waɗannan suna nan, me ke tare hanya? Sanin wuri. Takardun Ayilan kusan duka bisa wuri aka tsara su, kuma wurin da ake nufi ba gunduma ba ce. Tsibirin yana da gundumomi 32, amma manomi bai taɓa cewa shi mutumin gunduma ba ne sai bayan ya tsallaka teku. A gida, adireshinsa wani ɗan yanki ne da suke kira townland, wato 'yar unguwar karkara mai gonaki da gidaje ƙalilan. Akwai irinsu sama da 60,000. Wata ba ta kai eka ɗaya ba, wata eka dubbai ce ta tsauni da fadama. Sunayensu galibi daga harshen Gelik suke, harshen asali na Ayilan, ma'aikatan da ba su jin harshen suka rubuta su yadda kunnensu ya ba su, sunaye kamar Newtown da Glebe da Ballybeg kuma suna maimaituwa a gundumomi barkatai. A saman wannan an jibga rabe-rabe iri-iri da ba su dace da juna ba. Yankin coci na hukuma dabam, yankin cocin Katolika dabam, sau da yawa ma sunansu ba ɗaya ba. Yankunan gidajen gajiyayyu da dokar 1838 ta ƙirƙiro, waɗanda daga baya aka ɗora rajistar haihuwa a kansu, suna tsallake iyakar gunduma ba ruwansu. A zamanin samun 'yancin kai kuma aka sauya wasu sunaye: King's County ta koma Offaly, Queen's County ta koma Laois, tashar jiragen ruwa ta Queenstown ta koma Cobh.

Sunan dangi ba ya fitar da mutum daga wannan rami. Mutanen Ayilan suna cikin na farko a Turai da suka fara gadon sunan zuriya, tun wajen ƙarni na 10 da na 11, inda Mac ke nufin ɗan wane, Ó kuma jikan wane. Sunan ya daɗe yana yaɗuwa, shi ya sa ya cika gari. Wani rahoton ofishin rajista da aka gina kan haihuwar shekarar 1890 ya ƙiyasta masu sunan Murphy 62,600, masu Kelly 55,900. Wanda ya zo da "Patrick Murphy, daga Cork, an haife shi wajen 1830" bai zo da komai ba. Rubutun sunan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙarƙashin mulkin Ingila iyalai da yawa sun yar da O da Mac, jikokinsu suka maido da su bayan farfaɗo da harshen Gelik a ƙarshen ƙarni na 19. Wasu an fassara musu sunan ɗungurungum, Mac Gabhann, ɗan maƙeri, ya koma Smith, ka rantse Bature ne daga Ingila. Mutum ɗaya sai a same shi O'Brien a coci, Brien a littafin haraji, Bryan a takardar jirgin ruwa, shi kuwa bai iya karatu ba balle ya gyara wa kowa.

Saboda haka masu wannan sana'a suna da ƙa'ida guda da suke nanatawa: binciken Ayilan ba a Ayilan ake fara shi ba. Labarin Barack Obama ya nuna hakan sarai. A 2007, yana neman takarar shugaban ƙasa, wata mai binciken salsala a Amurka, Megan Smolenyak, ta bi zuriyar mahaifiyarsa har ta kai ga wani Falmouth Kearney, ɗan mai ɗinkin takalma, wanda ya sauka New York a 1850 yana saurayi ya wuce jihar Ohio. Takardun Amurka "Ayilan" kawai suka ce. Sunan ƙauyen a jikin duwatsun kaburburan danginsa a Ohio aka gan shi: Moneygall. Da aka sami wannan kalma ɗaya, sai limamin cocin Angilika na yankin, Stephen Neill, ya duba rajistar cocin Templeharry, wadda tana cikin waɗanda suka tsira, ga iyalin Kearney a ciki. A watan Mayun 2011 Obama ya je ƙauyen. Yanzu har akwai gidan mai da wurin cin abinci mai sunansa a bakin babbar hanyar da ta ratsa wurin, abin da ke nuna mutanen ƙauyen sun san abin da za su yi da baƙon da Allah ya jefo musu. Haka aka yi da Muhammad Ali, wanda kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, ya bar garin Ennis a shekarun 1860 ya zauna a Kentucky. Ali ya ziyarci Ennis a 2009.

Ba kowa ke da dangin da suka iya sayen dutsen kabari ba. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta ruɓar da dankalin Turawa shekara bayan shekara, ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, sama da miliyan ɗaya suka gudu. Jama'ar da ƙidayar 1841 ta samu sama da miliyan 8 suka koma kimanin miliyan 6 da rabi a 1851, suka ci gaba da raguwa har miliyan 4.4 a 1911. Jerin sunayen fasinjojin jiragen wancan zamani galibi ba ya faɗin garin mutum. Sai dai akwai wasu kafofi da ba a yi su don tarihi ba, suka zo suka fi takardun hukuma amfani. Wani bankin 'yan ci-rani da aka buɗe a New York a 1850, Emigrant Savings Bank, yana da masu ajiya da yawa da ba su iya sa hannu ba. Don kada wani ya zo ya kwashe kuɗin wani, sai akawu ya riƙa rubuta amsoshin tambayoyin da mai kuɗin kaɗai zai sani: unguwar da aka haife ka, sunan mahaifinka, sunan gidan su mahaifiyarka, 'yan'uwanka nawa kuma ina suke, wane jirgi ya kawo ka. Jaridar Pilot ta Boston kuma daga 1831 zuwa 1921 tana buga cigiyar waɗanda suka ɓace wa danginsu, dubun-dubatar sanarwa, mace na neman mijin da ya tafi aikin haƙa hanyar jirgin ƙasa, ƙane na neman yayarsa, kuma don a gane wanda ake nufi dole a faɗi unguwarsu ta gida. Waɗanda kakanninsu Ostireliya suka nufa sun fi kowa sa'a, domin ko fursunonin da aka kora can ko waɗanda gwamnati ta biya wa kuɗin jirgi, ciki har da 'yan mata marayu sama da 4,000 da aka kwasa daga gidajen gajiyayyu tsakanin 1848 da 1850, hukuma ta rubuta bayaninsu dalla-dalla.

In aka sami unguwar, sai ƙofofi su fara buɗewa, mafi yawansu kuma kyauta ne a intanet. Takardun ƙidayar 1901 da 1911 ba kwafi ba ne, hoton ainihin takardar da mai gida ya cike ne, da sa hannunsa, ko alamar kuros in bai iya rubutu ba, ɗan sandan da ya karɓa ya shaida. Za ka ga sunan kowa da shekarunsa da addininsa da sana'arsa, ko ya iya karatu, ko yana jin Gelik. Wata takardar ta biyu tana faɗin ko rufin gidan na ciyawa ne, ɗakuna nawa, tagogi nawa ke fuskantar gaba. Ta uku tana lissafa turken shanu da ɗakin aladu da akurkin kaji. A ta 1911 an tambayi matan aure shekara nawa da aurensu, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. Layi ɗaya mai cewa an haifi goma sha ɗaya, shida ke raye, biyu kawai ke gida, ya isa ya gaya maka akwai ƙananan kaburbura biyar da za ka nema, da wasu huɗu da wataƙila suna Boston ko Glasgow.

Shekarun da aka rubuta a ciki kuwa, a riƙe su da hannu biyu-biyu amma kada a rantse a kansu. Tsakanin ƙidayar biyu shekara goma ce, amma tsofaffi da yawa sun ƙara goma sha biyar, wasu ashirin. Dalili shi ne dokar fansho ta 1908, wadda ta fara aiki a Janairun 1909, ta ba talakan da ya kai shekara 70 har sule biyar a mako. Sule biyar kuɗi ne a gidan da ke rayuwa kan dankali da madara. Matsalar ita ce gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa ba sai 1864, don haka babu mai takardar da zai nuna. Jami'ai suka koma tambayar tsofaffi ko suna tuna daren babbar iska, guguwar da ta yaye rufin gidaje a faɗin ƙasar ranar 6 ga Janairun 1839, tunda wanda ya tuna ta lalle ya kai saba'in. Nan take ƙasa ta cika da masu tunawa. Wata hanyar ita ce a aika Dublin a duba sunan mai nema a ƙidayar 1841 ko 1851, a gani ko yana yaro a gidan ubansa. Takardun wannan neman, masu ɗauke da sunan uba da uwa da unguwa, sun tsira, su ne kuma madubin da ake hango wani yanki na ƙidayar da ta ƙone.

Rajistar gwamnati ta fara da auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, ta haɗa kowa da komai daga 1864. Ana ganin hotunanta kyauta in haihuwa ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50. Ita ma tana da nata ƙaryar. Akwai tara ga wanda ya makara kai rahoton haihuwa, sai iyaye su matso da ranar gaba, shi ya sa ake samun yaron da aka yi wa baftisma makonni kafin ranar da takarda ta ce an haife shi. A irin wannan, ta coci ce abin kamawa, domin Katolikan Ayilan ba sa barin jariri ya daɗe ba a kai shi wurin fada ba.

Kafin 1864, rajistar coci ce kaɗai madogara ga yawancin jama'a. Babban ɗakin karatu na ƙasa ya ɗauki hotunan ta Katolika har zuwa wajen 1880, ya sa su a intanet a 2015, yankuna sama da dubu. Karanta su aiki ne. Da yawa da Latin aka rubuta, James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus, Denis ya zama Dionysius, ga rubutun fada mai sauri, ga tabon danshi. Bridget ta coci ita ce Delia a Amurka, Darby shi ne Jeremiah. Akwai kuma al'adar sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'ya'ya mata su ma a sa musu sunan kakanninsu mata. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda a gida ɗaya sai ka tarar da Abba da Baffa da Abbati, a takarda kuwa duk sunan tsoho ɗaya suke amsawa. In 'yan'uwa maza huɗu suka yi aure a unguwa ɗaya, cikin shekaru kaɗan za a sami yara huɗu masu suna ɗaya da sunan dangi ɗaya. Abin da ke raba su shi ne sunan gidan su uwa, da sunayen waɗanda suka tsaya wa jaririn wurin baftisma, waɗanda galibi ƙannen uba ne ko na uwa. Mai binciken da ke tsallake sunayen masu tsayawar nan yana zubar da rabin abin da shafin ya ƙunsa.

Babban abin lura shi ne lokacin da kowace rajista ta fara. A biranen gabas da kudu kamar Dublin da Waterford da Cork akwai waɗanda suka faro tun ƙarni na 18. A yammacin ƙasar, Mayo da Donegal da sassan Galway, da yawa ba su fara ba sai 1830 zuwa 1850, wasu ma bayan haka. Dokokin da suka takura wa Katolika a ƙarni na 18 da tsananin talauci su suka jawo. Yankunan nan kuwa su yunwa ta fi yi wa ɓarna, daga cikinsu aka yi ta ficewa. Ke nan waɗanda suka fi yawan jikoki a waje su ne suka fi ƙarancin takarda a gida, kuma ba wuta ce ta cinye tasu ba, tun asali ba a rubuta ba.

Sauran abin da ake cike giɓi da shi, duk masu karɓar wani abu ne suka rubuta shi, kuma haka ya kamata a karanta shi. Littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837 an yi su ne don a san abin da kowane manomi, ko Katolika ne, zai biya cocin Angilika, zaluncin da ya kai ga tarzoma a shekarun 1830. Babban kimanta filaye da Richard Griffith ya jagoranta, wanda aka buga daga 1847 zuwa 1864, don harajin ciyar da gajiyayyu aka yi shi. Yana faɗin wanda ke riƙe da kowane gida da gona, wanda ya ba shi haya, faɗin gonar, da kimarta a fam da sule da kwabo, ga taswira mai lambobi da za ta kai ka kan kangon gidan. Inda masu suna ɗaya suka yi yawa, ma'aikacin yakan ƙara sunan uba ko laƙabi, jan wane, wane masaƙi. Bayan an gama, ofishin ya ci gaba da gyara littattafan shekara da shekaru, kowane gyara da tawada mai launi dabam. In ka bi launukan za ka ga an soke sunan miji an sa na matarsa, ka san ya rasu, an soke nata an sa na ɗa, sannan wajen farkon ƙarni na 20 a buga hatimin da ke nuna ɗan haya ya saye gonar a ƙarƙashin dokokin filaye irin ta 1903. Har rajistar lasisin karnuka, da aka fara a 1866 kan sule biyu, tana da amfani, don ta rubuta sunan mai kare da unguwarsa da launin karen. Sai dai duk waɗannan mai gida kaɗai suka sani. Matarsa da 'ya'yansa da ɗan ƙodagon da ke kwana a bukkar bayan gona babu su. Akwai iyalan da karensu ya shiga littafin hukuma, uwargidan ba ta shiga ba.

Shi ya sa ga yawancin zuriyar Katolika bincike yakan tsaya ne tsakanin 1800 da 1830, kuma mai gaskiya zai faɗa maka haka tun farko. Wanda ya nuna maka bishiyar dangi da ta miƙe daga Chicago har fadar wani sarkin ƙarni na 11, ka tambaye shi takardar da ta haɗa 1820 da 1700. Masu sayar da tambarin zuriya a shagunan 'yan yawon buɗe ido su ma kasuwarsu suke ci, domin a ƙa'ida mutum ake ba tambari, ba sunan dangi ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ɗaukar mai kama. Annie Moore, yarinyar Cork da ta zama ta farko da aka karɓa a tashar baƙi ta Ellis Island a New York ranar 1 ga Janairun 1892, tana da mutum-mutumi a can da kuma a Cobh. Shekaru ana ba da labarin cewa ta yi yamma har Texas, ta mutu a hatsarin taragon titi. A 2006 aka gano waccan Annie Moore ɗin a Amurka ma aka haife ta. Ta gaskiyar ba ta bar unguwar talakawa ta New York ba, ta haifi 'ya'ya da yawa, da dama suka rasu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1924 aka binne ta a kabarin da ba alama. Kama da wane ba ta wane. In an yi wannan kuskure a kan wadda ƙasashe biyu suka gina wa mutum-mutumi, ina ga Mary Kelly da wani ya kwafo daga bishiyar wani a intanet da tsakar dare?

Gwajin ƙwayoyin halitta ya sauya wasan, amma ba ta inda talla ke nunawa ba. A ce maka kashi kaza na jininka na Ayilan ne, wannan ba labari ba ne ga wanda ya riga ya sani. Amfaninsa shi ne ya haɗa ka da 'yan'uwa na nesa. In biyar daga cikinsu suka san unguwar kakanninsu, kuma duk a kusurwa ɗaya ta Mayo suke, ka sami inda za ka haƙa. Sai a yi hattara, domin a karkarar da aka daɗe ana auratayya tsakanin gidaje ƙalilan, gwajin yakan nuna dangantaka ta fi yadda take kusa.

Ga wasu kuwa wannan bincike ba nishaɗin bayan ritaya ba ne. A garin Tuam wata mai binciken tarihin yankinsu, Catherine Corless, ta bi rajistar mutuwa ta gwamnati, irin wadda kowa ke dubawa, ta tattara takardun yara 796 da suka mutu a gidan da 'yan zuhudu ke tsare matan da suka haihu ba aure tsakanin 1925 da 1961, ta kuma rasa inda aka rubuta binne su. A 2017 haƙan gwaji ya tabbatar da gawarwakin yara a wasu ramuka na ƙarƙashin ƙasa a wurin. A Janairun 2021 firaminista Micheál Martin ya nemi gafara a madadin ƙasa, a 2022 aka yi dokar da ta ba waɗanda aka bayar riƙo damar ganin takardar haihuwarsu ta asali, abin da aka daɗe ana hana su. Akwai 'yan shekara saba'in a Amurka da Ayilan da sai yanzu suke jin sunan mahaifiyarsu.

Akwai kuma fasfo. Wanda kakansa ko kakarsa ɗaya aka haifa a tsibirin, ko da a arewa ne, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, yana da ikon shiga rajistar haihuwar ƙetare ya zama ɗan ƙasa, kuma tun da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 masu nema suka yi cincirindo, kowa na tonon akwatin kakarsa. A gefe guda, ƙuri'ar raba gardama ta 2004 ta soke ba da ɗan ƙasa ga duk wanda aka haifa a can. Daga 2005, yaron da baƙi suka haifa a Dublin, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda abin ya fi shafa, sai in ɗaya daga iyayensa ya yi zaman halal na shekara uku cikin huɗun da suka gabaci haihuwar. Jikan da bai taɓa taka ƙasar ba yana da hanyar da ta fi ta yaron da aka yanke wa cibi a cikinta sauƙi. Ƙasar da tarihinta gaba ɗaya na ci-rani ne, wannan doka ba ta yi mata kyau ba.

Ita kuwa taskar da ta ƙone, ana ta ɗinke ta. Kafin 1922 masana da lauyoyi da akawuna sun kwafi abubuwa da yawa da hannu, kamar taƙaitattun wasiyyoyin da William Betham ya tattara a ƙarni na 19, kuma kwafin wasiƙun mulki suna London da wasu wurare. A Yunin 2022, shekara ɗari cif da gobarar, wani shiri da jami'ar Trinity ta Dublin ke jagoranta ya buɗe taskar intanet da ke haɗa waɗannan kwafe-kwafe daga ma'adanai na ƙasashe da dama. Ba za ta maido da ƙidayar 1841 ba, kuma abin da ta fi ƙarfi a kai takardun mulki ne da na masu dukiya.

Wadda talaka zai fi mora ita ce ƙidayar 1926, ta farko bayan kafa sabuwar ƙasa, tunda yaƙin neman 'yanci ya hana a yi ta 1921. An yi ta ranar 18 ga Afrilun 1926, ta ƙirga mutum miliyan 2.97 a gundumomi 26, dokar sirri ta shekara ɗari kuma ta sa 18 ga Afrilun 2026 ta zama ranar buɗe ta ga jama'a. Ita ce ke nuna wanda ya rage a kowane gida bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da annobar murar 1918, da yaƙin 'yanci, da na basasa. Gundumomi shida na arewa su ma an ƙirga su a wannan shekara, amma takardunsu ba su tsira ba, don haka mai neman dangi a Antrim ko Tyrone sai ya koma ga rajistar makarantu da littattafan kimanta filaye da ke ma'adanar Belfast.